Ƙannen Da Aka Damƙa Maka

Ɗana, matso nan kusa da ni. Akwai maganar da nake so mu yi kafin hutu ya ƙare ka koma makaranta. Ba faɗa zan yi maka ba, ka wuce shekarun faɗa. Kalma ɗaya ce ta fito daga bakinka, ba na kuwa so ka koma da ita.

Babanka ya shaida mini cewa an zaɓe ka cikin 'yan aji shida da za su riƙa kula da sababbin 'yan aji ɗaya, kowa an ware masa yara kaɗan ya zama yayansu. Na ji daɗi, na kuma sa maka albarka. Sai ya ƙara da cewa hira ta biyo ta kan wani yaro a ɗakinku wanda manya suka sa wa ido, suna cinye masa gari da sukari, suna sa shi wanki har tsakar dare, suna kwaikwayon in'inarsa har sun laƙaba masa suna a kanta. Kai kuwa sai ka yi dariya ka ce, "Baba, ai haka makaranta take. Mu ma an yi mana, shi ma in ya zama siniya zai yi wa wani."

Na san ba kai ka ƙago wannan magana ba, tarar da ita ka yi. Amma bari in gaya maka inda ta samo asali, tunda kuna ɗaukarta kamar gadon kakanni. Makarantar kwana ta boko, da gidajenta da firfet-firfet ɗinta, Turawa suka kawo mana, tun daga Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921, wadda ta zama Barewa ta Zariya. Sun ɗauko tsarin ne daga makarantun 'ya'yan manya na Ingila, inda a da ƙaramin ɗalibi kan zama baran babba, ya goge masa takalmi, ya je masa aike. Su masu abin sun gane illarsa sun watsar, makarantar Eton da ta fi kowace suna ta soke wannan barantaka a 1980. Mu ne muka rungume muna ce masa horo. Abin da yake namu na asali ka leƙa tsangaya ka gani: gardi ne ke rubuta wa kolo allo, ya biya masa, in dare ya yi ya duba ko ya dawo. Ban ce can babu masu wuce gona da iri ba, akwai su. Amma a ƙa'idar wurin, in kolo ya ɓace ko ya kwana da zazzaɓi, babban da ke kusa da shi malam zai fara tambaya. Girman shekaru ɗaukar nauyi ne, ba lasin cin zali ba.

Kada kuma ka zaci ƙaramin abu ne da ya tsaya a ɗakinku. A 2019 hukumar UNESCO ta fitar da rahoton da ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya 'yan'uwansa ɗalibai sun ci zalinsa a cikin wata guda kafin a tambaye shi. A ƙasashenmu na Afirka kudu da Sahara abin ya kai kashi 48 cikin 100. Kusan rabi ke nan. Na koyar shekaru masu yawa, na ga yadda wannan lissafi yake zama mutum: yaro mai ƙoƙari ya fara zama a bayan aji, ya daina ɗaga hannu, kullum yana asibitin makaranta da ciwon ciki wanda ba a gano dalilinsa, ƙarshe ya ƙi dawowa bayan hutu, a gida a ce shashanci ne.

Ka tuna bidiyon nan da ya zaga wayoyi a watan Afrilun 2024, na wata makarantar kuɗi a Abuja, inda wata ɗaliba ke ta shan mari a hannun 'yar'uwarta ɗaliba, har aka rufe makarantar na kwana uku? Jama'a duk sun yi ca a kan mai marin. Ni abin da ya hana ni barci shi ne sauran. Akwai waɗanda suke tsaye a wurin, akwai mai riƙe da waya yana ɗauka, hannunsa ko rawa ba ya yi. Da mutum ɗaya cikinsu ya ce "ya isa haka", da labarin ya bambanta.

Wannan ba zato nake yi ba. Wasu masu bincike a Kanada sun kafa kyamara a filayen wasan makarantun firamare na Toronto, suka buga abin da suka gani a 2001. A kashi 88 cikin 100 na lokutan da ake cin zalin wani, akwai sauran yara a wurin. Sau 19 kacal cikin 100 wani ya sa baki. Amma idan aka sa bakin, fiye da rabin lokutan abin kan tsaya cikin daƙiƙa goma. Daƙiƙa goma, ɗana. A ƙasar Finlan ma, da suka tashi gyara, Jami'ar Turku ta tsara shirin da ake kira KiVa, aka baza shi a makarantun ƙasar daga 2009, kuma ba a kan mai cin zalin suka fi mai da hankali ba, a kan 'yan kallo ne. Sun lura cewa mai cin zali dariyar 'yan kallo yake nema, ita ce ladarsa. Cikin abin da suke yi, malami kan keɓe yara biyu ko uku waɗanda ake ganin girmansu a aji, ya roƙe su su riƙa jan wanda ake zalunta a jiki. Irin aikin da aka ba ka ke nan. Shi ya sa dariyar taka ta dame ni: kai da aka ɗauka aikin kashe gobara, bai kamata a gan ka da galan ɗin fetur ba.

To, yaya ake yin aikin? Ba da wa'azi ake farawa ba. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya da aka raba da uwarsa makon jiya ba zai zo ya same ka ya ce ana cin zalinsa ba. Kunya ba za ta bar shi ba, tsoro ma haka, ga shi an riga an gaya masa cewa wanda ya kai ƙara sai ya gwammace kiɗa da karatu. Kai ne za ka sa ido. Duba wanda yake cin abinci shi kaɗai a ƙarshen benci, ko wanda kullum kwanonsa ya ɓace. Duba wanda akwatinsa ya ƙare tun mako na biyu, wanda yake gyangyaɗi a firef don an hana shi barci, wanda yake laɓewa a masallaci bayan kowa ya watse don kada ya koma ɗaki da wuri. Ka kira shi da sunansa na yanka a gaban mutane, ko da duk makaranta da wancan sunan take kiransa. Allah da kansa ya hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi a aya ta 11 ta Suratul Hujurati, ka hardace ta tun kana Islamiyya. Ka zauna kusa da shi a wurin cin abinci wata rana, ku yi hirar garinsu. Manyan da ke damunsa suna kallo, kuma za su fahimci cewa yaron nan yanzu yana da wani.

In Allah ya sa ya buɗe baki, ka yi shiru ka saurara har ya kai aya. Kada ka ce masa "ka zama namiji mana". Kada ka tambaye shi me ya yi musu, domin wannan tambaya tana nufin laifinsa ne. Kada kuma ka yi saurin cewa ya yi haƙuri. Mu iyaye mun cika jefa wa yara wannan kalma don mu huta da maganar, alhali haƙuri ba shi ne a bar zalunci ya ci gaba ba. Abin da yake bukatar ji daga gare ka kaɗan ne: ka yarda da shi, ba laifinsa ba ne, kuma ba za ka bar shi shi kaɗai ba. Daga nan ka tambaye shi yadda yake so a yi, domin an daɗe ana yi masa abu ba da shawararsa ba.

Nan kuma sai ka yi hattara, don a nan masu kyakkyawar niyya suke tuntuɓe. Zai ce maka, "Yaya, don Allah kada ka gaya wa kowa." Kada ka rantse masa. Ce masa ba za ka yi yawo da maganarsa ba, amma in abin ya shafi lafiyarsa dole ku nemi babba, kuma ba za ka je ba sai da saninsa. Akwai abubuwan da ba na yaro ba ne ya riƙe, ko da ɗan aji shida ne: in an fitar masa da jini, in ana ƙwace masa kuɗi da barazana, in an nuna masa makami, in wani yana taɓa jikinsa ta hanyar banza, ko in ka ji yana cewa gara ya mutu ya huta. Ko da wasa ya faɗa, a daren nan za a sanar da hausmasta, ba gobe ba. Kai yaya ne, ba likita ba, ba kuma alƙali ba.

Kada ka ce za ka haɗa shi da mai cin zalinsa ku yi sulhu a bayan ɗaki, kowa ya ba wa kowa hannu. Sulhu na waɗanda ƙarfinsu ya zo ɗaya ne. Wasu malamai biyu na Jami'ar Kambirij, Ttofi da Farrington, sun tattara sakamakon shirye-shiryen yaƙi da cin zali daga ƙasashe da dama suka buga a 2011, suka tarar cewa inda aka dogara da yara su sasanta tsakanin yara, abin bai sauƙaƙa wa waɗanda ake zalunta ba, har ma ƙaruwa ya yi. Ba abin mamaki ba ne. Ƙaramin zai ce ya yafe don tsoro, da ka juya baya a rama a kansa. Haka nan kada ka tara abokanka ku je ku lakaɗa wa wancan duka. In ka yi haka ka koya wa yaron cewa mai ƙarfi shi ke da gaskiya, kawai dai yau mai ƙarfin nasa ne.

Akwai wani tarko da ya fi waɗannan daɗin faɗawa. Ka san irin siniyan da ke ɗaukar yaro ya ce ɗan ɗakinsa ne, ya kare shi daga kowa, amma yaron ne ke ɗebo masa ruwa, shi ke masa guga, madarar da uwarsa ta haɗo masa kuma tare za a sha. Wannan ba kulawa ba ce, haraji ne. Kada ko cokalin sukari na yaran nan ya shiga kofinka. Kuma ka sani kai baƙon shekara ɗaya ne, da ka rubuta WAEC da NECO ka tafi, shi kuwa yana da sauran shekara biyar. Don haka ka nema masa abokai a cikin ajinsu. In yana buga ƙwallo ka kai shi fili, in yana da karatu ka haɗa shi da 'yan musabaƙa. Yaron da ke tafiya cikin abokai uku ba a cika tare shi a lungu ba. Ko hutu aka yi kada ka ce aiki ya ƙare, don yanzu abin yana bin yaro har ɗakin uwarsa ta WhatsApp. In ka ga an mai da hotonsa sitika ana yawo da shi a gurup, kada ka tura, kada ka sa alamar dariya, ka rubuta a fili cewa a goge.

Na san abin da ke ranka, ko ba ka faɗa ba. Masu yin abin nan 'yan ajinku ne, wasu ma abokanka ne tun aji ɗaya, kana tsoron a ce ka zama ɗan gulmar malamai. Tsoron nan gaskiya ne, ba zan raina shi ba. Amma gulma ita ce ka kai magana don ka jefa wani cikin wahala, wannan kuwa fitar da wani za ka yi. Shi abokin naka ma taimakonsa kake yi, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar cewa taimakon azzalumi shi ne a riƙe hannunsa daga zaluncin. Same shi shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba, ka ce masa yaron nan a hannunka yake, kuma abin bai dace da shi ba. Da yawansu a gaban 'yan kallo kawai suke da baki.

Kuma kada ka tsaya kai kaɗai. Tun kafin aiko Annabi, wani ɗan kasuwa baƙo daga Yaman ya kawo haja Makka, wani babba cikin Ƙuraishawa ya karɓa ya hana shi kuɗinsa, ba shi da dangi a garin da za su tsaya masa. Sai wasu gidaje suka taru a gidan Abdullahi bin Jud'an suka yi alkawarin tsayawa tare da duk wanda aka zalunta har a mayar masa da haƙƙinsa. Shi ne Hilful Fudul. Annabi ya halarta yana saurayi, kuma bayan annabci ya yabi alkawarin. Ɗan aji ɗaya baƙo ne a garin da ba shi da dangi. Ku da aka zaɓa, ku zauna tun makon farko ku yi wa juna alkawari cewa duk wanda aka taɓa yaronsa, an taɓa na kowa, kuma tare za ku je wurin malami. Mutum ɗaya ake yi wa laƙabi da ɗan gulma, ba a yi wa mutum goma.

Game da yaron nan mai in'ina, ko ba ya cikin waɗanda aka ware maka, ɗakinku ɗaya, kuma ka riga ka sani. Ranar da kuka koma, kafin a kashe fitila, ka je ka gaishe shi ka tambayi mutanen gidansu. Maganar wankin dare kuwa ka kai ta wurin hausmasta a cikin makon. In bai ɗauki mataki ba, ka je wurin malamin ba da shawara ko mataimakin firinsifal. In duk sun yi shiru, ka ari waya ka kira ni, ni da babanka za mu zo.