Ya Warke, Amma Wa Zai Karɓe Shi?

Karatun yau: Markus 5:1-20

A ƙasar Garasinawa an yi wani mutum da ya mai da makabarta gidansa. An sha ɗaure shi da sarƙa da mari, yana tsinkewa. Da Yesu ya 'yantar da shi, sai aka tarar da shi zaune, saye da tufafi, cikin hankalinsa. Ya roƙa a bar shi ya bi Yesu cikin jirgi, amma Ubangiji ya sallame shi gida wurin danginsa. Ka lura da wannan: a wurin Yesu, warkarwa ba ta cika ba sai mutum ya koma cikin jama'arsa.

Markus ya ce baƙin aljanu ne suka kama wannan mutum. Amma kada mu ɗauka kowane taɓin hankali aikin aljanu ne. Da yawa ciwo ne kamar hawan jini ko ciwon suga, kuma yana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019, mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa. Ke nan suna cikin gidajenmu, suna cikin majami'unmu.

Na tuna da wata 'yar'uwa a ikkilisiyar da na fara aiki. Bayan ta haihu sai hankalinta ya gushe. Aka kai ta asibiti, ta sha magani, ta sami sauƙi. Da ta dawo sujada, bencin da ta zauna sai ya zama nata ita kaɗai. Masu sayen ƙosanta suka koma wani wuri. Ni kaina, da zumuntar mata suka ce a hutar da ita daga waƙa, ban ce uffan ba. Wata rana ta ce mini, "Fasto, ciwon ya sake ni, amma ku ba ku sake ni ba." Na rasa amsa. Sai da na nemi gafararta a gaban ikkilisiya, aka mayar da ita cikin mawaƙa.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar. Manzo Bulus ma ya koya mana a 1 Korantiyawa 12 cewa mu gaɓoɓin jiki ɗaya ne, ciwon ɗaya ciwon duka ne.

To, me za ka yi? Ka kira mutum da sunansa, ba "mahaukaci" ba. Kada ka yarda a ɗaure shi ko a doke shi da sunan addu'a. Ka yi masa addu'a, ka kuma raka shi wurin likita. Kada ka ce masa barin magani shi ne bangaskiya. Ka ci tuwo da shi a kwano ɗaya, ka sayi kayansa, ka ba shi aiki a ikkilisiya.

Abin tunani: Wa ke zaune shi kaɗai a majami'arku? Ranar Lahadi mai zuwa, ka je ka zauna kusa da shi.

Addu'a: Ya Ubangiji Yesu, ka gafarta mana domin mun guji waɗanda kai ka nema. Ka ba marasa lafiya sauƙi, ka ba masu jinyarsu haƙuri, ka mai da ikkilisiyarka gida gare su. Amin.