Yaron da ya daina wargi

Babba in ya shiga tashin hankali yana da baki: zai gaya wa aboki, ko malam, ko likita. To, ɗan shekara biyar fa? Bai ma san sunan abin da ke cin ransa ba. A ganina wasa shi ne bakin yaro, kuma wanda ya hana shi wargi ya rufe masa baki ne.

Tun 2019 dubban mutane suka ƙetaro daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, musamman wajen Gidan Rumji, suna gudun ƴan bindiga. Yaron da ya ga irin wannan abu ba zai zauna ya ba ka labari ba. Amma ba shi laka ko ƴar tsana, sai ka ga ya gina gida, ya rushe, ya sake ginawa. A cikin wasa shi ke da iko, shi ya sa tsoron ke raguwa sannu sannu. Kan haka Virginia Axline ta Amurka ta rubuta littafinta a 1947: babba ya zauna kusa, ya lura, kada ya yi wa yaro gyara.

A Kingston ta Jamaika, an riƙa ziyartar yaran da rashin abinci ya tsumburar kowane mako har shekara 2, ana koya wa uwaye yin wasa da su. Bayan shekara 20, abin da suke samu ya ɗara na waɗanda ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin 100.

Wani zai ce: "Kai, wannan zancen masu ƙoshi ne!" Uwar da ke Tibiri, wadda tallan ɗiyarta ke cika tukunya, da uban da ke neman hannu a garkar Jiratawa, suna da hujja, ba na zarginsu. Sai dai wargi ba ya cin ko dala. Lakar Gulbi, kara, gwangwani, langa da carafke duk kyauta ne. Lokaci kaɗan kawai yake so.

Nan ne nauyin ya hau kanmu, mu yayye. Mu ne ke daka tsawa: "Tashi, wasan banza!" In ƙanenka na ƙera mota da kara, zauna ka tambaye shi ina za ta. In kuwa ka ga ya daina wasa kwata-kwata, ya yi tsit a lungu kwana da kwanaki, kada ka yabe shi da natsuwa. Gaya wa manya a kai shi likita.