Bimbinin Safiya: Tun Yaushe Abin Ya Fara?

Karatu: Markus 9:14-29

Kafin Yesu ya warkar da yaron nan mai faɗawa wuta da ruwa, sai da ya tambayi mahaifinsa tun yaushe abin yake kama shi. Uban ya ce tun yana ƙarami. Da wannan tambayar likita yake farawa a yau, a asibitin Shika ko na Barnawa, kafin ya tura mai farfaɗiya ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa.

Hoton MRI yakan tona tsohon rauni. Can cikin kai, daidai saitin kunne, akwai wani ɗan sashe mai riƙe tunawa, likitoci na ce masa hifokamfus. A wasu masu farfaɗiya ana samunsa ya ƙanƙance, ya yi tabo. A wasu kuma tabon na wani wuri ne, asalinsa doguwar naƙuda, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko sanƙarau, ko faɗuwa daga babur. A 2018 masu binciken wata ƙungiya mai suna ENIGMA sun kwatanta hotunan masu farfaɗiya 2,149 da na masu lafiya 1,727, suka ga wasu sassan ƙwaƙwalwar masu ciwon sun fi ƙanƙanta. Akwai kuma wanda hotonsa ke fitowa tas, ciwon kuwa na nan. Na'ura na da iyaka, Mahalicci ne ya san abin da ya ƙera.

Mu a Gayam wannan na'ura ta yi mana nisa, wahalar hanyar dajin Birnin Gwari kuwa ba sai an faɗa ba. Sai dai abin da ya fi cin mai farfaɗiya a nan gudun da muke yi masa ne. Da ya faɗi, kumfa ta fito, sai kowa ya watse, wai miyansa na yaɗa ciwon. Ba ya yaɗawa. Yesu hannun yaron ya kama, ya tashe shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 7 cikin 10 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun sami magani daidai.

Ɗan'uwa, in wani ya faɗi gabanka yau, ja shi nesa da murhu, kwantar da shi ta gefe, kada ka cusa masa cokali ko ruwa a baki. In jijjigar ta wuce minti 5, a garzaya asibiti.

Ya Ubangiji, ka cire mana tsoron 'yan'uwanmu, ka buɗe musu hanyar magani. Cikin sunan Yesu, amin.