Durƙusa wa Wada

Kwanan baya gardama ta kaure a majalisarmu ta bayan la'asar a nan Agege. Wani dattijonmu da ya daɗe yana ɗinkin aska takwas da hannu ya ajiye allura ya koma keken surfani, domin masu saye ba sa jiran wata uku, ba sa kuma biyan kuɗin wahala. Wasunmu suka ce ya zubar da girman sana'a. Wasu suka ce to, girma yaransa za su ci?

Wannan gardama ta tuna mana da wani mai zanen Rasha, Kazimir Malebic, wanda aka haifa a 1879. A 1915, a birnin Petrograd, ya baje wani zane da ya girgiza mutane: baƙin murabba'i, wato siffa mai kusurwa huɗu, a kan farin ƙyalle. Ba mutum, ba bishiya. A ganinsa, siffa da launi kaɗai sun isa su yi magana da zuciya. Mu da muka saba da zayyanar allo da dagin Arewa, ai wannan ba baƙon zance ba ne.

Sai zamani ya juya. Gwamnatin Stalin ta fi son hotunan manoma da ma'aikata. A 1930 aka kama Malebic aka tsare shi, a 1932 aka rushe ƙungiyoyin masu zane masu zaman kansu. Ya koma zanen fuskokin mutane. Amma a hoton kansa da ya zana a 1933, maimakon suna, sai ya sa ɗan ƙaramin baƙin murabba'i a gefe. Ya rasu a Leningrad a 1935.

To, ya ci amanar kansa ke nan? Mu dai a ganinmu a'a. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Wanda yunwa ko hukuma ta tanƙwara, ba mu da bakin zaginsa muna zaune a inuwa. Sai dai akwai sharaɗi: kada ya yi ƙarya. Malebic ya canza abin da yake zanawa, amma ya bar alamar da ke nuna inda zuciyarsa take.

Haka dattijonmu. In ya sayar da aikin keke da sunan aikin hannu, nan ne girma ya zube. In kuwa ya gaya wa mai saye gaskiya, ya kuma zaunar da ko da yaro ɗaya ya koya masa riƙon allura, wallahi ya fita haƙƙin sana'a.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, 'yan uwa. Mu da muke taya riga kamar muna taya tattasai, mu muka tura shi kan keken. Sallah na tafe. Wa zai ba shi aikin hannu, ya biya ba ciniki?