Alhakin Wa?

Tsakanin 1985 da 1987, Therac-25, na'urar ƙona ciwon daji, ta zuba wa marasa lafiya aƙalla shida hasken da ya wuce ƙima a Amurka da Kanada. Wasu sun mutu. A Texas, ma'aikaciya ta ga fuskar kwamfuta ta nuna matsala mai lamba 54, babu wani bayani, sai ta danna P ta ci gaba kamar yadda ta saba.

Alhakin wa? Ni dai ba na ɗora mata. Malaman fiƙihu sun ce wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a, shi ke biyan abin da ya faɗa ciki, ko da ba ya wurin. Wanda ya rubuta saƙon da ba a ganewa, rijiyar ya haƙa. Wallahi kyakkyawar niyya ba ta wanke shi, tunda hanyar gwaji a buɗe take: masanin gwajin manhaja Jakob Nielsen ya nuna cewa mutum biyar masu gwada manhaja kan bankaɗo yawancin matsalolin amfani da ita.

Kai mai tsara manhaja, kafin ka sake ta, zaunar da baƙo a gabanta, ka yi shiru, ka lura da inda yatsansa ya tsaya.