CANJIN MOTA: GASKIYA A KAN TSOHUWA, GYARAN NIYYA A KAN SABUWA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Abin da ya jawo wannan nasiha shi ne wata tambaya da wata ɗaliba ta yi mini a ajin matan aure na Islamiyyarmu a Ƙanƙara. Ta ce maigidanta zai ba da tsohuwar Golf ɗinsa ga wani dillali a Funtuwa, ya yi ciko, ya karɓo Camry 'yar Kwatano. Ta ce, "Malama, shin wannan ba riba ba ce? Kuma kala biyu aka nuna masa, LE da XLE, ni dai na ce masa in ba babbar ba a bari." Duk ajin aka yi dariya. Ni kuwa na ga akwai karatu a ciki, domin canjin mota magana ce da ake fara ta a tsakar gida kafin ta kai ga dillali.

Hukuncin musayar

Ya ke 'yar uwata, ki kwantar da hankalinki. Allah (SWT) Ya halatta ciniki Ya haramta riba, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 275. Abubuwan da hadisin Ubadatu ɗan Samit (RA) ya ce ba a musayarsu da jinsinsu sai daidai wa daida, hannu da hannu, guda 6 ne: zinare, azurfa, alkama, sha'ir, dabino da gishiri, sai abin da malamai suka yi ƙiyasi a kansu, kamar kuɗi da hatsi. Mota ba ta cikinsu. Don haka ba da tsohuwa a karɓi wata tare da ciko halas ne, matuƙar an san motocin biyu, an san adadin cikon, kuma kowa ya yarda. Idan za a biya cikon daga baya, a yanke adadi da rana, a rubuta, a sa shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta surar ta yi umarni. Inda riba take shigowa shi ne a ciwo bashin cikon da ruwa, ko a ce duk watan da aka makara kuɗin zai ƙaru.

Mallakar mota mai kyau ma ba laifi ba ne. Suratun Nahli aya ta 8 ta ambaci dabbobin hawa cikin ni'imomin Allah, don hawa da kuma ado. A wani hadisi da Ibnu Hibban ya ruwaito, an lissafa abin hawa mai daɗi tare da mace ta gari da gida mai yalwa da maƙwabci na gari cikin abubuwan jin daɗin rayuwa. To ina matsalar take? Tana wuri biyu.

Na farko: gaskiya a kan tsohuwar

Mun sha ji. Ana gobe za a kai mota wurin dillali, sai a biya gareji. A zuba baƙin mai mai kauri don hayaƙi ya lafa, a shafe wurin da ta taɓa yin hatsari da fenti, a mayar da lissafin tafiyarta baya, a toshe yoyon lagireto da abin da ba zai wuce mako guda ba. Sai a ce ai wayon kasuwa ne. Wallahi sunansa algus. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sa hannunsa cikin tarin hatsin wani ɗan kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, sai ya tsawata masa, ya kuma nisanta kansa daga duk mai ha'inci. Hadisin Hakimu ɗan Hizam (RA), wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna cewa faɗin gaskiya da bayyana aibi su ke sa albarka a ciniki, ɓoyewa da ƙarya kuwa su ke shafe ta.

A yankinmu ɓoye aibin mota ya wuce cin dukiyar wani, yana iya zama wasa da rai. Ku tuna shekarar 2021, lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme saboda 'yan bindiga, aka kuma katse layukan waya a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da wasu ƙananan hukumomi. Duk wadda ta ga wancan lokaci ta san mene ne mota ta mutu a daji gab da magariba. Golf ɗin da maigidanki ya ɓoye ciwonta, dillali zai sayar wa wani direba da ya haɗa guminsa ya saya. Zai cika ta da mata da yara ranar kasuwa. In ta tsaya musu inda bai kamata ba, alhakin wa?

Ke kin san ciwon motar nan fiye da dillali, domin ke kika sha zama a cikinta ana turawa. Ki ce masa cikin ladabi da taushin murya, "Maigida, mu faɗa musu giyarta na da matsala, ko da za a rage mana." Abin da aka rage muku a kasuwa, Allah Zai mayar da shi ta inda ba ku zata ba. Ki kuma tuna masa ya guji dillalan da ke kawo abokansu su yi ta ƙara tayi alhali ba saye za su yi ba. Wannan shi ne najashu, kuma Annabi (SAW) ya hana shi.

Na biyu: niyya a kan wadda za a karɓo

Kamfanoni kan fitar da mota ɗaya hawa-hawa. A Camry akwai LE, akwai SE, akwai XLE wadda dillalai ke yi wa kirari da "ful ofshin". Sau da yawa injin LE da na XLE ɗaya ne. Bambancin shi ne kujerun fata, da rufi mai buɗewa, da ƙarafan taya masu walƙiya, da ƙarin maɓallai. A kan waɗannan ake ɗora kuɗi masu yawa. Ku tambayi kanku: kujerar fata da ta wuni a ranar bazara, wa ke iya zama a kanta? Rufi mai buɗewa in robarsa ta tsufa, ina ruwan damina zai bi? In maɓallan nan suka lalace, akwai mai gyaransu kusa, ko sai an ja ta zuwa Zariya ko Kano?

Wasu kuma suna zuwa da babban inji mai silinda 6. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da dama. Gidaje nawa ne aka kafe mota a ƙofar gida aka koma hawan babur? Abin da ya kamata a biya wa kuɗi shi ne lafiyayyen inji, birki mai kyau, tayoyi masu ƙwari, tsayin da zai iya da hanyoyin ƙauyukanmu da damina, kayan gyara da ake samu kusa, da cikakkun takardun kwastam. Sannan a inda ake satar mutane don kuɗin fansa, motar da ke jan ido ba gata ba ce. Tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi.

Suratul Furƙan aya ta 67 ta siffanta bayin Allah na gari da tsaka-tsaki wajen kashe dukiya, ba almubazzaranci, ba ƙwauro. Mai hali da ya sayi babbar ba tare da ya tauye haƙƙin kowa ba, ba mu ce ya yi laifi ba. Amma a kwashe masarar da za a ci har kaka, a taɓa kuɗin makarantar yara, a sayar da tumakin kiwo, don kawai a ga an sauke ki a gidan biki cikin motar da ta fi ta matar wan miji, wannan riya ce, kuma kwana biyu za a yi ana maganarta, bashin kuwa ya zauna. Ku karanta Suratul Ahzab aya ta 28 da 29, ku ga zaɓin da aka ba Iyayen Muminai lokacin da suka nemi ƙarin abin duniya. Dukansu suka zaɓi Allah da ManzonSa. Su ne abin koyinmu.

Wata magana kuma: ɗan kunnenki na zinare da kuɗin adashenki dukiyarki ce. In za ki taimaka wajen ciko, ki bayyana tun farko ko kyauta ce ko rance. In rance ne a rubuta. Rashin yin haka ya haddasa rigima a gidaje da yawa, musamman inda ake da abokiyar zama ko aka zo rabon gado.

Ɗalibar tawa ta dawo bayan mako biyu. Ta ce sun faɗa wa dillalin gaskiya, ya rage musu kuɗi, sun karɓi LE, kuma buhunan masararsu na nan a rumbu. Na ce mata Allah Ya sa albarka, kada su manta da istihara a duk wani babban ciniki, da addu'ar hawa ta Suratuz Zukhruf aya ta 13 da 14 duk lokacin da suka shiga.

Allah Ya ba mazajenmu halas mai albarka, Ya ba mu wadatar zuci, Ya tsare matafiyanmu, Ya dawo mana da zaman lafiya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ƙasa baki ɗaya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, Allah Ya yafe mini. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.