Rigar Aro a Filin Wasan Jami'a

Tun shekarar 1966 da aka fara gasar wasannin jami'o'in Nijeriya, wato NUGA, a Ibadan, babban sharaɗin shiga shi ne ɗan wasa ya kasance ɗalibi na haƙiƙa a jami'ar da ya sanya rigarta. A wancan zamani jami'o'in ƙasar nan biyar ne kacal. Yau sun haura ɗari biyu, kuma da yawansu ƙanana ne, ba su da filin guje-guje na zamani, balle wurin ninƙaya. To, ga tambayar da muke son mu tattauna: idan ƙaramar jami'a ta ɗauko wanda ba ɗalibinta ba ta sa masa riga domin ta fita kunya, laifi ta yi, ko kuwa dabarar mai ƙaramin ƙarfi ce? Irin waɗannan 'yan wasa su ake kira sojojin haya.

Bari mu kawo maganar gida. A ce ga wani saurayi a Ibeto, cikin ƙasar Magama ta masarautar Kontagora, wanda noma ya gina masa jiki, ba mai cin masa a guje, amma karatunsa ya tsaya a sakandare saboda rashin hali. Sai mai horarwa na wata ƙaramar jami'a ya gan shi, ya sama masa katin shaida da sunan wani ɗalibi, ya tafi da shi gasa. Masu kare wannan aiki suna da hujja, kuma bai kamata mu yi watsi da ita ba tun ba mu saurara ba. Cewa suke yi manyan jami'o'i, irin su ta Fatakwal wadda ta daɗe tana lashe gasar, suna da kayan aiki da sunan da ke janyo gwanaye, ƙarama kuwa ba ta da ko ɗaya. Yaron ya sami ɗan abin sawa a aljihu, ya ga gari, jami'a ta sami lambar yabo. Wa aka cuta?

Amsar tana cikin wasanninmu na gargajiya. Ɗan dambe yakan bar garinsu bayan kaka ya bi gari gari yana neman abokin karo, ba wanda ya taɓa ce masa baƙo ne, kada ya shiga fage. Sai dai kafin ya ɗaga hannu zai yi kirari, makaɗi ya ambaci sunansa da na garinsu, kowa ya san ko na Arewa ne, ko na Kudu, ko Guramada. In ya yi kisa, sunansa ne ya tashi. In ya faɗi, shi ya sha ƙasa. Ashe ke nan baƙunta ba aibi ba ce a fage. Aibin sojan haya shi ne ya shiga da sunan da ba nasa ba, kuma malamai ne suka ba shi sunan.

A nan ne muke ganin abin ya fi nauyi. Jami'a ba ta da wata haja da ta wuce shaidarta. Idan ta buga hatimi ta ce wane ya ƙware a aikin likita ko koyarwa, jama'a sukan yarda ba tare da sun gwada shi ba. Hatimin nan dai shi ne a kan katin ɗan wasa. Yaya hukumar da ta kori ɗalibi don ya sa wani ya rubuta masa jarrabawa za ta koma ta sa wani ya yi gudu da sunan ɗalibi? Kada kuma mu ce ai wasa ne. A 1989 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwa a takardun wasu 'yan wasa. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma ɗalibin da aka ajiye a benci, wanda ya yi wata da watanni yana fita atisaye da asuba kafin lacca. An koya masa darasin da ba ya cikin manhaja, kuma da wuya ya manta.

Wani zai ce, to, me ya raba wannan da a ba gwani gurbin karatu saboda wasansa, kamar yadda jami'o'in Amurka suke yi? Mu a ganinmu bambancin babba ne, muddin ya cika sharaɗin shiga, yana zama a aji, yana rubuta jarrabawa da hannunsa. Wannan ya shigo ta ƙofa, kuma ko ƙafarsa ta gaza, zai fita da takarda. Saurayinmu na Ibeto kuwa, in ya ci, lambar yabon da sunan wani za a rubuta ta, ba zai iya nuna ta ko a ƙofar gidansu ya ce tasa ce ba. In kuma ya karye a fili, a katin asibiti ma sunan wancan ɗalibi za a sa, a sallame shi da kuɗin mota ya koma gida, ga damina ta kawo kai.